Nathan Cobb da tsutsar da ido ba ya gani: naci ne ya kai shi, ko gatan da ya samu?

Dalibin_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ba kukan tsadar taki na zo da shi ba. Wani Ba'amurke nake so mu tattauna a kansa, Nathan Cobb, wanda ake kira uban ilimin nematod a Amurka. Nematod su ne siraran tsutsotsin nan da ke cikin ƙasa da ruwa da jikin dabbobi. Waɗanda ke cin shuka yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ba, sai da madubin likita ake ganinsu.

An haife shi a 1859 a garin Spencer na jihar Massachusetts. Gidan talakawa ne, uban ya bar gida tun Nathan yana ɗan saurayi, karatun ma bai samu ya yi shi a jere ba. Yana aikin barga da gyaran lambu a gidan wani mai hali ya ga tallan madubin likita, ya tara dala 25 ya saya. Yana shekara 17 ya ci jarrabawar malanta, daga baya ya shiga kwalejin fasaha ta Worcester ya gama a 1881. Ya koyar da kimiyya shekara shida, sai a 1887 ya kwashi matarsa da 'ya'yansa da ɗan abin da ya tara ya nufi Jena a Jamus. Cikin wata goma ya karɓi digirin dakta. Kafin ya mutu a 1932 ya bayyana nau'in nematod sama da 1,000.

Ga inda na dosa. Mu kullum uzurinmu ɗaya ne, babu kayan aiki, babu ɗakin gwaji, gwamnati ba ta ba da kuɗi. Ni a ganina tarihin mutumin nan ya rushe wannan uzuri. Naci muka rasa, ba na'ura ba. Wa ya yarda, wa bai yarda ba?

Manomin_Kura:
Wa alaikumus salam. Malam ɗalibi, kafin a kai ga naci, ni tsutsar nake so in gane. Tana kake nufi? Ai tana alheri ce a gona.

MalaminGona_Hadejia:
Ba tana ba ce Alhaji. Amma in kana noman tumatir a Kura, na yi imani ka san aikinta ko da ba ka san ta ba. Ka taɓa ganin tumatir ko kuɓewa ko tattasai ya tsumbure, ganye ya yi rawaya, da rana ya yi yaushi alhali ka ba shi ruwa, ka ƙara taki bai motsa ba? Tuge shi ka wanke saiwar. In ka ga ta yi kullutu-kullutu ta kumbura, to ita ce.

Ƙaramar tsutsar tana da wani tsinke a baki. Tana shiga ta kusa da bakin saiwa, ta zauna wuri ɗaya, ta sa naman saiwar ya kumbura ya riƙa ciyar da ita. Macen sai ta yi ƙiba ta daina motsi, ta zuba ƙwai ɗaruruwa. A ƙasa mai ɗumi, sati uku zuwa huɗu sun isa a sake sabon zubi. Hanyar ruwa da abinci ce ta toshe, shi ya sa takin da kake zubawa ba ya kai wa ga ganye. Kuma ta fi ɓarna a ƙasa mai yashi.

Hajiya_MaiLambu:
Ikon Allah. To ni ai a saiwar wake da gyaɗa kullum ina ganin irin waɗannan ƙulle-ƙullen. Duk cuta ce ke nan?

MalaminGona_Hadejia:
A'a Hajiya, kada ki tuge wakenki. Na wake da gyaɗa yawanci masu amfani ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ga yadda za ki bambance. Mai amfanin a gefen saiwa yake maƙale, in kin murza da yatsa sai ya ɓalle, in kin fasa cikinsa ja-ja ne. Na tsutsar kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa sai kin karya ta. Amma fa wake ma tsutsar na kama shi, don haka ana iya samun duka biyun a saiwa ɗaya.

Tsohon_Akawu:
Ku bar ni in koma kan maganar yaron nan. Dalibin_Samaru, ɗana, ka faɗi rabin labari ka rufe baki. Dala 25 a wancan zamani ba kuɗin alewa ba ne, wannan ɗaya. Na biyu, ba madubin yarinta ne ya gano masa nau'i dubu ba. Ka san mene ne Jena a 1887? Garin Carl Zeiss ne da Ernst Abbe, masu ƙera madubin da ya fi kowanne kyau a duniya a lokacin. Shekara ɗaya kafin ya isa suka fitar da sabon gilashin da ya gyara matsalar launi a madubi. Malaminsa kuma Ernst Haeckel ne, wanda sunansa kaɗai ke buɗe ƙofa. Daga can ya wuce tashar binciken halittun teku ta Naples a Italiya. Bayan haka duk rayuwarsa albashin wani yake ci: gwamnatin New South Wales a Ostareliya, ƙungiyar masu gonakin rake ta Hawaii, sannan ma'aikatar gona ta Amurka daga 1907 har mutuwarsa. Naci yana da shi, ban musa ba. Amma an biya nacin.

Dalibin_Samaru:
Baba, ranka ya daɗe, na ji. Amma wa ya biya masa kuɗin jirgin zuwa Jamus? Ba gwamnati ba ce, ajiyarsa ce ta koyarwa. Kuma da ya sauka Sydney a 1889 da digiri a hannu, babu aikin da ke jiransa. Tallan sabulu da mai ya riƙa yi wa wani ɗan kasuwa don ya ciyar da iyali, bai kuma ajiye madubin ba. Sai 1890 da aka kafa ma'aikatar gona aka ɗauke shi. Ai ba a ɗauki mai zaman jira ba.

Tsohon_Akawu:
To ka faɗa da bakinka: aka kafa ma'aikatar gona. Da ba a kafa ba fa? Da har yau ba wanda ya san shi sai masu sayen sabulu.

Ummu_Hanan:
Hahaha Baba Akawu ba ka da dama.

Dan_Maradi:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutum ya yi karatun tsutsar cikin manyan dabbobin teku a Jamus, don a kan ita ya rubuta kundin digirinsa, ya zo a ba shi aikin cutar alkama. Ina haɗin? A nan wajenmu da an ce takardarka ba ta dace da gurbin ba, ka koma lakwal.

Gwanin_Alkama:
Haɗin shi ne madubi, ɗan'uwa. A lokacin ba a rarraba fannoni kamar yanzu ba. Wanda ya iya yanka abu siriri, ya rina shi, ya duba, ya zana abin da ya gani daidai, shi ne likitan shuka. Kuma an matsu. A 1889 cutar tsatsa ta yi wa alkamar Ostareliya mummunar ɓarna, har yankunan ƙasar suka riƙa taruwa shekara-shekara a kan matsalar.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa na alkama ba wani babban gano ba ne, ƙaramin abu ne mai amfani. Kafin shi, wani zai ce gonata ta kamu sosai, wani ya ce tawa kaɗan, ba wanda ya san ma'aunin ɗan'uwansa. Sai a 1892 ya fitar da zane-zanen ganye, kowanne da gwargwadon tsatsar da ta rufe shi, daga ɗan ɗigo har zuwa rabin ganye. Kana tsaye a gona ka riƙa ganye ka gwada da zanen, ka rubuta lamba. An gyara ma'aunin a 1948, amma har gobe masu binciken alkama da sunansa suke kiransa. Duk wanda ya taɓa auna tsatsa a filin gwaji ya yi aiki da shi.

Dr_Bichi:
A ƙara da abin da bai dace ba, don kada mu mai da shi waliyyi. Cobb ya ɗauka abin da ke kare alkama daga tsatsa shi ne kaurin fatar ganye da kakin da ke kansa da ƙanƙantar ƙofofin numfashinsa. Binciken baya ya nuna ba nan gizo ke saƙa ba, juriyar gado ce da ke aiki a cikin ganyen bayan cutar ta shiga. Wanda ya ceci alkamar Ostareliya a aikace William Farrer ne, wanda ya zauna yana haɗa iri da iri har ya fitar da mai suna Federation a 1901. Sun yi aiki tare, amma a fagen alkama sunan Farrer ne ya tsaya, har hotonsa aka taɓa sa wa a takardar kuɗin ƙasar.

Gwanin_Alkama:
Haka ne Dakta. Amma ka san ita ma Federation ba juriyar tsatsa ce ta ɗaukaka ta ba. Saurin nuna da jure fari ne, tana isa girbi kafin cutar ta yi ƙarfi.

Dr_Bichi:
Ƙwarai. Shi ya sa nake cewa a bi a hankali da labarin gwarzo guda.

Alhassan_Tamale:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan sunan Cobb ta wajen ayaba da agada muka san shi. Akwai tsutsar da ke haƙa rami a cikin saiwar ayaba, saiwar ta ruɓe ta yi baƙi, sai iska kaɗan ta zo bishiyar ta kife da nonon 'ya'yanta tun bai nuna ba. Shi ya fara bayyana ta a 1893, daga samfurin da aka aiko masa daga tsibirin Fiji. Yanzu tana kusan duk inda ake noman ayaba, kuma mutane ne suka yaɗa ta da hannunsu ta hanyar dashe. Ka je gonar maƙwabci ka ciro 'ya'yan ayaba ka kawo taka, ka kawo ta da ita.

Maganin da malaman gona ke koya wa mutanen kudu ba ya cin kuɗi. A fere gindin dashen da wuƙa har sai duk baƙin ya fita, a tsoma shi a tafasasshen ruwa kamar daƙiƙa 30, a fitar, a dasa. Wanda ya fara gani sai ya ce an dafa shuka. Amma tana tsirowa lafiya.

Ummu_Hanan:
Yaya Alhassan, daƙiƙa ko minti? Kada wani ya je ya yi dambun ayaba.

Alhassan_Tamale:
Daƙiƙa, ƙanwata. Rabin minti. A tafasasshen ruwa ke nan.

Sarkin_Rake:
A wannan shekarar ta 1893 ai har cutar rake ya yi aiki a kanta, wadda ke sa cikin kara ya riƙa fitar da wani ƙaro mai yauƙi ruwan ɗorawa, a gonakin bakin kogin Clarence. Ya ce ƙwayar bakteriya ce ke jawo ta, a zamanin da masana da yawa ba su yarda bakteriya na iya cutar da shuka ba. Sunansa a rake ne ya sa masu gonakin Hawaii suka ɗauke shi a 1905.

Kwamared_Funtua:
Yauwa, an zo wurin. Su wane ne masu gonakin Hawaii ɗin? Turawan da masu irin jarinsu suka tuntsurar da sarauniyar tsibirin a 1893, Amurka ta haɗiye ƙasar a 1898. Fiji kuma a hannun Ingila take. Alkama, rake, ayaba, auduga, duk kayan da ake lodawa a jirgi ne. Ba wanda ya ɗauki Cobb don ya duba abincin talakan tsibiri. Kuma mu ma labarinmu ke nan. Dalibin_Samaru, tashar binciken noma ta Samaru da kake alfahari da ita an kafa ta a 1922, a lokacin da idon Bature ke kan auduga da gyaɗa saboda masana'antun Ingila. Gero da dawa daga baya suka samu shiga sosai. Don haka tambayar ba naci ko kayan aiki ba ce. Tambayar ita ce wa ke biya, kuma me yake so a duba masa.

Dalibin_Samaru:
Kwamared, ban ƙi ba, amma ka duba wani abu. Amurka don auduga ta ɗauke shi a 1907, aikinsa shi ne daidaita darajar auduga, auna tsawon zare, tanadin samfurin da za a riƙa gwada saura da shi. Ba wanda ya ce masa ya kafa ilimin nematod. Shi ya riƙa cusa shi ta gefe, yana rubutu yana damun shugabanni, har aka sakar masa mara. Wannan ba mai biya ne ya zaɓa ba.

Kwamared_Funtua:
An sakar masa ne da aka ga tsutsar na cin lemon Kalifoniya da gwozar sukari. Kuɗi ne ya yi magana.

Dr_Bichi:
Ta lemon gaskiya ce, shi ya bayyana ta a 1913. Amma ta gwozar sukari Jamusawa sun riga shi, tun 1859 Schacht ya gan ta, shekarar da aka haifi Cobb. Ita kuma mai kullutun saiwa da Malamin Gona ya yi bayani, wani limamin coci a Ingila, Berkeley, shi ya fara ba da labarinta a 1855 a saiwar kokwamba. Tun 1743 ma Needham ya jiƙa ƙwayar alkama mai cuta ya ga tsutsotsi sun farfaɗo suna motsi. Shi ya sa ake cewa uba a Amurka, ba a duniya ba. Abin da Cobb ya yi shi ne ya tattara abin ya zama fanni mai zaman kansa, da hanyoyin aikinsa da ɗalibansa.

Malam_Nura_Gombe:
Ni dai Haeckel ɗin nan da Baba Akawu ya ambata, ba shi ne babban mai yaɗa ra'ayin Darwin a Jamus ba? Kuma ya jera jinsunan mutane sama da ƙasa, ya sa baƙar fata a ƙasa. Yaya za a yi mu zauna muna yabon almajirinsa?

Tsohon_Akawu:
Malam Nura, abin da ka faɗa a kan Haeckel haka yake. Amma tumatirin Alhaji na Kura ba ruwansa da aƙidar malamin Cobb. In saiwa ta kumbura ta kumbura.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a don Allah a tsaya kan noma. Wancan zancen in ana so a buɗe masa nasa wurin.

Yar_Lab:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin wadda ke wanke ƙasa da hannunta. Hanyar da Cobb ya wallafa a 1918 ta fitar da tsutsa daga ƙasa, har yau da ita muke aiki, kuma in kun gani za ku yi dariya. Bokiti ne da ruwa da rariya. A zuba ƙasa a ruwa a dama, a ɗan dakata yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman ta rariya mai manyan ido, sannan mai ƙanana, har zuwa wadda idonta ya fi na rariyar gari ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tsutsar a ta ƙarshen take tsayawa. Duk macen da ta taɓa rege shinkafa ta riga ta san rabin aikin.

Akwai wadda ta fi wannan sauƙi. Faranti, ɗan kwando, takardar goge hannu a shimfiɗe a ciki, a baza ƙasa a kai, a zuba ruwa a farantin ya taɓa ƙasan kwandon. Kwana ɗaya ko biyu, masu rai sun ratso sun faɗo ruwa da kansu. Asalin dabarar ta wani likita ce, Baermann, wanda ya ƙirƙiro ta a 1917 a ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya yana neman tsutsar da ke shiga mutum ta tafin ƙafa.

To a nan Dalibin_Samaru na da gaskiya. Amma ga inda Baba Akawu ke da tasa. Fitar da ita araha ne, sanin wace ce ita shi ne tsada. A cokali ɗaya na ruwan za ka ga iri-iri, yawancinsu ba sa cin shuka, wasu bakteriya suke ci, wasu ma 'yan'uwansu suke haɗiyewa. Kafin ka ce wannan ce mai laifi sai madubi mai kyau, wutar da ba ta ɗaukewa, da idon da aka horar shekaru. Cobb da kansa bai yarda da teburin katako ba, a kan bututun ƙarfe da aka cika da siminti ya kafa madubansa don kada motsin gini ya girgiza masa hoto. Yana kuma da mai zane na musamman, Chambers, wanda ya biyo shi tun daga Ostareliya. Wannan ba aikin mutum ɗaya a ɗakin haya ba ne.

Hajiya_MaiLambu:
Allah ya yi miki albarka 'yata, ke kin fi su iya bayani. Matarsa fa? Mutum ya ja mace da yara daga Amurka zuwa Jamus zuwa Italiya zuwa Ostareliya ba aiki a hannu, kuna ta naci naci. Nacin wa?

Yar_Lab:
Amin Hajiya. Sunanta Alice, sun yi aure a 1881, shekarar da ya gama kwaleji. 'Yarsu Frieda ma ta yi masa aiki a ɗakin gwaji, daga baya ta zama masaniyar ilimin gadon halitta da kanta.

Likitan_Karkara:
Ku manoma kuna ganin abin naku ne ku kaɗai. Kurkunu ma nematod ce, sai dai ita tana iya kusan mita ɗaya. Haka tsutsar ciki ta yara, haka mai jawo tundurmi. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da kurkunu a duniya. Najeriya da Nijar sun samu shaidar rabuwa da ita a 2013, Gana a 2015, Chadi na cikin ƙasashen da har yanzu ake fama, musamman a jikin karnuka. Kuma ba allura ba ce ta kore ta. An gane cewa wani ɗan ƙwaron ruwa ne ke ɗauke da ita, sai aka koya wa mutane tace ruwan tafki da ƙyalle, aka hana mai ciwon shiga ruwa. Wani ne ya duba a madubi sau ɗaya, sauran aikin na ƙyalle ne da ma'aikatan da ake biya su zaga ƙauyuka. Kowa ya ɗauki ɓangaren da ya yi masa a muhawararku.

Dan_Maradi:
Likita ya raba gardama ba tare da ya raba ba.

Dalibin_Samaru:
Tun da an zo kan yawansu, akwai wata magana tasa ta 1914 da ɗaliban fannin ke haddacewa. Ma'anarta, da za a share komai na duniya a bar nematod kaɗai, da har yanzu za a iya gane siffar duniyar dishi-dishi: tuddai, kwaruruka, koguna, har inda garuruwa suke da inda bishiyoyi suka tsaya, saboda kowanne na da nasa tsutsotsin.  A 2019 wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a saman ƙasa kaɗai akwai kusan biliyan 57 ga kowane mutum ɗaya da ke raye.

Manomin_Kura:
To ni duk na ji tarihi, Allah ya saka. Amma jiya da yamma na tuge uku a gefen da ya tsumbure, kuma wallahi yadda Malamin Gona ya faɗa haka na gani. Ni da na ɗauka tsutsar sharon ce ta raunana su. Wane magani zan saya?

MalaminGona_Hadejia:
Sharon ganye da 'ya'ya take ci, kana ganin aikinta a sama. Wannan a ƙasa take. Alhaji, gaskiya wanda ya riga ya kamu ba feshin da zai warkar da shi. Kuma ba na ba ka shawarar ka je kasuwa ka ce a ba ka maganin tsutsar ƙasa, don magungunanta na cikin mafiya haɗari. Akwai wanda aka daina a Amurka a ƙarshen shekarun 1970 bayan an gano yana hana ma'aikata maza haihuwa.

Abin yi na kaka mai zuwa ne. In ka gama girbi kada ka bar kututturen a ƙasa, tuge su da saiwa ka ƙona. Ka kafce filin a bar shi ya sha ranar bazara. Kada ka maimaita tumatir ko kuɓewa ko tattasai ko yalo a wurin, duk abincinta ne, sa hatsi ya shiga tsakani. Ka yawaita takin gargajiya, in da hali da dakakken ƙwallon darbejiya. Mafi muhimmanci, wurin renon iri. Yawancin mutane daga nan suke kwasar ta su raba wa gona gaba ɗaya. Ka canza masa wuri, ko ka jiƙa ƙasar ka rufe da farar leda wasu makonni a tsakiyar zafi kafin ka zuba iri. In sayen dashe kake yi, duba saiwar kafin ka biya.

Gwanin_Alkama:
Ba akwai irin tumatir mai jure ta ba?

Dr_Bichi:
Akwai, juriyar daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru aka ɗauko ta tun shekarun 1940. Matsalar, tana raunana in zafin ƙasa ya wuce digiri 28. A sanyin hunturu za ta yi maka aiki, amma ka yi tunanin ƙasar Kura a watan Afrilu.

Dan_Maradi:
To ka ga irin abin da ya kamata namu masanan su zauna a kai ke nan. A garakenmu na bakin gulbi ma haka tattasai ke yi, mutane na cewa ƙasa ce ta gaji.

Tsohon_Akawu:
Su zauna a kai da wane albashi? Tambayata ke nan tun farko, ɗan Samaru bai amsa ba.

Dalibin_Samaru:
Baba, ni ma tawa ba a amsa ba. A sakandare nawa ne ake da madubi kulle a kabad ana jiran ranar jarrabawa? Wannan ba rashin kuɗi ba ne. Yanzu har na takarda akwai, wanda aka ƙera a jami'ar Stanford, yana ƙara girma sau 140, ya isa yaro ya ga tsutsar tana motsi.

Yar_Lab:
Ya isa ya gan ta, bai isa ya san sunanta ba. Amma in za ka kai makaranta ina cikin masu zuwa.

Manomin_Kura:
Malamin Gona, in ina so a duba mini ƙasar sauran filin kafin in yanke abin da zan shuka, yaya ake ɗiba? Kuma a leda zan sa ko a buhu?

MalaminGona_Hadejia:
A leda, Alhaji. Ɗebo daga wurare da dama a filin, zurfin kamar taƙi ɗaya, kusa da saiwa, ka haɗa da 'yan saiwoyin. Na gefen da ya tsumbure daban, na gefe mai lafiya daban, ka rubuta a jiki. Ƙasar ta kasance da ɗan danshi, kada ka ƙara mata ruwa, kuma kada ka bar ta a rana ko a but ɗin mota, zafi na kashe su a kasa ganin komai. Ka fara turo hoton saiwar nan tukuna mu gani.